Yadda ake zana doki da tawada a salon Sin

Kafin ka taɓa buroshi, je ka tsaya kusa da doki ka zuba masa ido. Haka mai zanen Sin Han Gan ya yi a ƙarni na 8, zamanin daular Tang. An ce da sarki Xuanzong ya umarce shi ya koya wurin gwanin zane na fada, sai ya amsa cewa dawakin bargar sarki su ne malamansa. Farin ingarman da ya zana ɗaure a turke, yana fizge-fizge, har yau yana gidan tarihi na Metropolitan a New York.

Sai kayan aiki. Tawadar Sin sanda ce ta kunkunniya da danƙon fatar dabba, ana goga ta kan dutse da ɗan ruwa. Ba ta da nisa da tawadar allo ta malamanmu. Raba ta uku: baƙa ƙirin, matsakaiciya, da mai ruwa-ruwa. Takardar Xuan, ta lardin Anhui, shan ruwa gare ta, abin da ka ɗora ya zauna ke nan, babu gogewa.

Fara da kai: ido, hanci a buɗe, kunnuwa a tsaye. Daga nan ja layin wuya zuwa gadon baya a tashi ɗaya. In hannunka ya yi ɗar-ɗar, takarda za ta tona maka asiri.

Ƙafafu ne wurin da yawanci ake faɗuwa. Da tawada mai kauri ka fitar da gwiwa da idon sawu da kofato, ka danna buroshi a gaɓa, ka sassauta tsakanin gaɓoɓi. Mutanen Sin sun ɗauki ƙashi da muhimmanci ƙwarai. Mawaƙi Du Fu ma ya soki Han Gan da cewa nama yake zanawa, ba ƙashi ba. A ganina ya ɗan yi masa tsanani, amma gargaɗin ya kama mai koyo.

Bayan nan shafa mai ruwa-ruwa a ƙirji da cinya da ƙarƙashin ciki, ka bar farin takarda inda haske ke sauka.

Geza da wutsiya su ne na ƙarshe. Matse buroshi ya kusa bushewa, ka baza gashinsa, ka fizga da sauri. Dubi dawakin mai zanen Sin Xu Beihong, wanda ya rasu a 1953, ka ga yadda iska ke kaɗa gezarsu a sukuwa. In tawadar ta bushe, sa hannu a gefe ka buga jan hatimi.