Kurakuran da ke kashe lambun gida da na sa-kai

Yawancin lambunan da matasa ke buɗewa a bayan gida, ko a filin makaranta da na masallaci, ba sakaci ne ke kashe su ba. Ɗoki ne: ruwa ya yi yawa, taki ya yi yawa, magani ya yi yawa.

A fara da taki. Mutum ya kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki ya zuba a gindin tumatir, bayan 'yan kwanaki ya ga bakin ganye ya ƙone, ya ce iri ne ba shi da kyau. Ɗanyen taki zafi gare shi, yana ƙona saiwa, na shanu kuma yana tahowa da irin ciyawa, ga gara. Gyaran shi ne a tara shi a rami ko a inuwa, a haɗa da busasshen ganye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Idan ya yi baƙi, wari ya tafi, ka tura hannu ciki ba ka ji ɗumi ba, to ya ruɓe. Takin zamani ma, musamman yuriya, ba a jingina shi da kara. A ɗan ja da baya, a binne, a ba da ruwa.

Ruwa kuwa nan ne lambun haɗin gwiwa ya fi shan wuya. Wannan ya zo da safe ya kwarara, wancan ya biyo da hantsi bai san an bayar ba ya ƙara, sai ganye ya yi ɗorawa, a ce ƙishi ne, a sake ƙarawa. Ku tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, a bari. A bayar da sassafe ko da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba. Mai shuka a buhu ko tsohon bokiti ya huda ƙasansa. A kuma rubuta sunan mai ban ruwa na kowace rana, har da lokacin hutun makaranta, domin a lokacin ne lambunan ɗalibai ke bushewa.

Sai lokaci. Tumatir, salak, kabeji, karas da albasa sun fi son sanyin hunturu, shi ya sa 'yan fadama ke ba su ƙarfi bayan ɗaukewar ruwa. Sabon shiga ya guji shuka tumatir da damina, cuta za ta wahalar da shi. Ya sa alayyahu, rama, yakuwa, lalo da kuɓewa, ya kafa zogale a gefe. Karas da kuɓewa ba sa son dashe, a shuka su inda za su zauna. Tumatir kuwa a rene shi kamar mako uku zuwa huɗu, a dasa da yamma. Kada a maimaita shi inda aka cire barkono, attaruhu ko gauta, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Batun feshi ya fi damuna. Wasu na fesa maganin ƙwari yau, gobe su tsinko ganye a yi miya. Kowane magani yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalba, a karanta. A ƙaramin lambu, duba bayan ganye da cire tsutsa da hannu yana rage aiki sosai, haka fesa ruwan jiƙaƙƙen dakakken ƙwallon darbejiya. In kuwa ka ga farin zane a cikin ganyen tumatir, wataƙila tsutsar nan ce Tuta absoluta da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. A tsinke ganyen a ƙone tun da wuri.

Wajen koyo, bidiyon intanet na da amfani, amma da yawa an ɗauke su ne a ƙasashen da yanayinsu ba irin namu ba. Malaman gona na jiha sun fi kusa, kuma cibiyoyin bincike da wayar da kan manoma na IAR da NAERLS da ke Samaru a Zariya suna fitar da ingantaccen iri da takardun koyarwa. Ku ɗauki ganyen da ya kamu ku kai wa tsohon manomin rani na unguwarku ya duba, ku tambaye shi inda yake sayen iri.