Darasi: Me Ya Sa Kare Yake Karce Ƙasa Bayan Ya Yi Kashi?

Duk mai kare, na gadi ne ko na farauta ko mai bin garke, ya san wannan ɗabi'a. Kare zai tsuguna ya yi kashi, ko ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari, sai ya matsa gaba taku ɗaya ko biyu, ya sandare jiki, ya shiga harba ƙasa baya da ƙafafunsa, dama da hagu, ƙura na tashi. Wani da ƙafafun baya kaɗai yake yi, wani har da na gaba. Da ya gama sai ya kama gabansa, ko waiwaye babu.

Mutane kan ce rufe ƙazantarsa yake yi. Ba haka ba ne. Je ka dubi wurin bayan ya tafi: kashin yana nan a fili, ƙasar da ya harba ta watse can gefe, ko kusa da shi ba ta faɗa ba. Mai rufewa ita ce kyanwa. Ita sai ta haƙa ɗan rami tukuna, ta biya buƙata, ta juyo ta sansana, sannan ta jawo ƙasa da ƙafar gaba ta binne. Kyanwa ɓoyewa take yi, shi kuwa kare shela yake yi.

Saƙon da yake bari

A tafin ƙafar kare akwai ƙananan kafofi masu fitar da gumi, a tsakanin yatsunsa kuma akwai wasu masu fitar da maiƙo. Kowane kare da irin warinsa. Idan ya goga ƙafa da ƙarfi a ƙasa, warin yana maƙalewa a wurin. Hancin mutum ba ya jin komai, amma karen da zai biyo baya zai sunkuya ya sansana ya san wani ya rigaye shi.

Ban da wari, akwai layukan da farata suka zana. Wari yakan gushe da rana da iska, zanen kuwa ana hango shi daga nesa, shi ke jawo wani kare ya zo ya sa hanci. Shi kansa harbin ma magana ce. Wani masanin halayyar dabbobi a Amurka, Marc Bekoff, ya bi karnuka masu yawo a sake, ya kuma wallafa a 1979 cewa sun fi karce ƙasa idan akwai wasu karnuka a kusa da za su gani. Shi ya sa karen da ba ya yi a cikin gida kan yi a ƙofar gida, a mararraba, ko a bakin gona, inda baƙin karnuka ke wucewa. Gado ne daga danginsa na daji, domin kerkeci ma yana yi a iyakar yankinsa.

Kare da karya duka suna yi. Akwai kuma karnuka da yawa, maza da mata, da ba su taɓa yi ba, lafiyarsu lau. Manya sun fi ƙananan kwikwiyoyi yi.

Kada a doke shi

Wannan ba rashin ji ba ne, ba kuma ciwo ba. Duka ba ya hana shi, sai dai ya sa kare ya riƙa ɓuya ya yi kashi a inda ba ka so. Idan yana tuge maka shuka, ware masa wuri mai yashi nesa da lambu, ka riƙa kai shi can da safe da kuma bayan ya ci abinci. Da ya gama, kira shi ka ja shi gaba kafin ya soma.

Abin lura shi ne ƙafar. A kan siminti, tsakuwa ko busasshiyar ƙasar rani, farce kan tsage, tafi kan ƙuje. Sau ɗaya a mako ka ɗaga ƙafafun, ka buɗa yatsu ka duba ƙaya, kwalba ko kaska. Ƙaramin rauni a wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Idan ya kumbura, yana ruwa, ko kare na ɗingishi, sai likitan dabbobi.

Kada kuma a haɗa karce ƙasa da jan gindi. Karen da ya zauna yana jan duburarsa a ƙasa yana jin ƙaiƙayi ko zafi. Galibi 'yan jakunkuna biyu masu ruwa mai wari da ke gefen dubura ne suka toshe, ko kuma tsutsar ciki ce. Wannan kam na bukatar magani.

Kwashe kashin aikin mai kare ne

Tunda kare ba ya rufewa, harbinsa ma wani lokaci tarwatsa kashin yake yi, hatsarin yana komawa kan mutanen gida. Ƙwan wata tsutsar cikin kare yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya iya kama mutum, daga nan kuma yana iya yin watanni bai mutu ba. Yaro mai rarrafe da ke kai ƙasa baki shi ne ya fi shiga hatsari. Wata tsutsar kuma 'ya'yanta ta fata suke shiga idan an taka ƙasa mai laima ba takalmi, su bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi a ƙafa. An fi ganin wannan da damina.

Makiyaya da mahauta su ƙara kula. Akwai tsutsar da ƙwanta ke fita a kashin kare, tumaki da awaki su ci a ciyawa, ta yi musu ƙullutu masu ruwa a hanta da huhu. Idan aka jefa wa kare irin wannan hanta ɗanya, tsutsar ta koma cikinsa ke nan. Mutum ma yana kamuwa, kuma ƙwan wannan ba ya jiran makonni, tun ranar da ya fita a kashin kare yana da illa. Hanta ko huhu mai ƙullutu a ƙone ko a binne da zurfi. Kayan cikin da za a ba kare a dafa su sosai.

Saboda haka a kwashe kashi kullum da shebur da aka ware domin wannan aiki. A zuba a masai, ko a rami mai zurfin kamar rabin mita, a bi da ƙasa. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Kada a haɗa shi da takin da za a kai lambun alayyafo ko salak. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu.

Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo tun yana mako 2, a maimaita duk mako 2 har ya kai mako 8, sannan duk wata har ya cika wata 6. Babban kare kuma duk wata 3. Yawan magani da nauyin kare yake tafiya, don haka a auna shi, kada a kintata. Ba kowane magani ke kashe tsutsar da ke shafar hantar dabbobi ba. A nemi likita ya ba da wanda aka rubuta praziquantel a kwalinsa.