Jagorar Baƙo a Birnin Shehu: Wuraren Ziyara, Abinci da Tsaraba

Duk wanda ya yi niyyar ziyartar Sakkwato, abu na farko da ya kamata ya tsara shi ne lokacin tafiya, domin rana ce ke raba wa mutanen garin ayyukan yini, kuma ita za ta raba wa baƙo nasa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, har fita tsakanin azahar da la'asar ta zama wahala ga wanda bai saba ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauka, sai dai a tanadi rigar sanyi ta asuba da man shafawa saboda bushewar iska. Wanda ya zo ta sama zai sauka a filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda kuma ya zo a mota daga Kano ko Kaduna ta hanyar Funtuwa da Gusau, ya yi ƙoƙari ya kama hanya da sassafe don ya iso da sauran rana, gama tafiyar dare a wannan hanya ba abin da za a ba kowa shawara ba ne. A cikin gari kabu-kabu da keke mai ƙafa uku sun wadata, kuma kyakkyawar al'ada ita ce a yi ciniki kafin a hau.

A ganina babu inda ya cancanci a fara da shi sai Hubbaren Shehu, domin wanda bai fahimci Hubbare ba zai yi ta kallon sauran garin ba tare da ya san dalilin kafuwarsa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa babban birnin Gobir ya faɗi a 1808, sannan ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Shehu da kansa ya zauna a Sifawa kafin ya dawo Sakkwato a 1815, kuma a gidan da ya zauna ne aka binne shi lokacin da ya rasu a 1817. Wannan gida shi ne Hubbare. A cikinsa akwai kabarin 'yarsa Nana Asma'u, malamar da ta kafa tsarin 'Yan Taru inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan ƙauyuka, da kaburburan wasu daga cikin iyalansa da sarakunan Musulmi na baya. Baƙo ya lura cewa Muhammadu Bello ba ya nan, domin a Wurno ya rasu a 1837 kuma can kabarinsa yake, kamar yadda na Malam Abdullahi ƙanen Shehu yake a Gwandu.

Hanyar shiga tana da ladubbanta, kuma ina so mai karatu ya riƙe su da muhimmanci. A je da safe, kafin rana ta take, cikin sutura ta kamala, mata da hijabi ko babban mayafi. A cire takalmi a inda aka ga jama'a suna cirewa, a yi sallama ga dattawan da ke kula da wurin, a ce musu “Allah ya gafarta malam, ziyara muka zo,” su kuwa za su nuna hanya, su faɗi kabarin wane ne wannan da wancan. Abin da ake yi shi ne sallama ga mamata da yi musu addu'a cikin natsuwa, ba tare da ɗaga murya ba, kuma kada a ɗaga waya don ɗaukar hoto sai an nemi izini an samu. A bakin ƙofa akwai mabuƙata masu yawa, don haka yana da kyau a tanadi canji tun daga masauki, a bayar da abin da ya sauwaƙa a fita cikin mutunci. Wanda ya ɗan tsaya a zaure zai ga masu ziyara daga Nijar da sauran ƙasashen maƙwabta, zai ji Fulatanci da Zabarmanci da Hausar Nijar suna cuɗanya, ya gane da idonsa cewa daular da aka kafa a nan ta wuce iyakokin da Turawa suka shata daga baya.

Daga Hubbare ana iya takawa a ƙafa zuwa Masallacin Shehu, sannan a nufi Kanwuri inda fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Sarkin Musulmi Bello suke. Mai alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, shi ne Sarkin Musulmi na 20. Ba a shiga cikin fada haka kawai, amma ƙofar fada kanta abin kallo ce, musamman ranar Juma'a lokacin da dogarai cikin jajaye da korayen riguna suke kai da kawowa, hakimai suna isowa gaisuwa. Wanda ziyararsa ta dace da Sallah kuwa, ya yi sammakon zuwa Fakon Idi, ya kuma nemi wurin tsayawa a kan hanyar komawa fada don ya ga dawakai da kwalliyarsu.

Bayan an huta da rana, wuri na gaba shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu, wanda aka sa wa sunan shahararren malamin nan kuma masanin tarihi da ya rasu a 1997. A nan ake adana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da wasiƙun sarakuna, da takubba da masu da sulke na zamanin jihadi, da kayan sarauta da na sana'o'in gargajiya. Shawarata ita ce kada a wuce ɓangaren takardu da gaggawa don a je kallon makamai, domin shugabannin jihadi malamai ne masu alƙalami kafin su zama mayaƙa, kuma littattafan da Shehu da Abdullahi da Bello suka bari suna da yawan gaske. A nemi ma'aikacin da zai zagaya da mutum ya yi masa bayani, a kuma tambaye shi labarin Giginya, filin da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta kara da sojojin Ingila a watan Maris na 1903, kafin Attahiru ya yi gabas ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekarar. Ganuwar birni ta riga ta shafe a mafi yawan wurare, amma sunayen ƙofofi suna nan a bakin jama'a a matsayin unguwanni, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, kuma da su ne mai kabu-kabu zai fi saurin gane inda ake nufi.

Batun abinci kuwa, a fara da fura, wadda a Sakkwato abincin rana ce sosai ba abin sha na marmari ba. A nemi ta gero wadda aka kirɓa da citta da kanumfari, a sa a dama ta a gaban mutum da kindirmo mai kauri, a sha da ludayi tun tana da sanyinta. Abin kula a nan shi ne ruwa da ƙanƙarar da ake zubawa, don haka wanda cikinsa ba ya jure canjin ruwa ya sayi ƙwallayen fura da nono daban ya dama a masauki da ruwan da ya amince da shi. Da safe akwai masa da miya ko da zuma, da kunu da ƙosai a kusan kowace unguwa. Da dare tuwon shinkafa ne ke kan gaba, kasancewar fadamun Rima suna ba da shinkafa mai yawa, kuma yana tafiya da miyar kuka ko ta sure ko ta kuɓewa busasshiya. Wanda ya samu gayyata zuwa gidan mutanen gari kada ya ƙi, domin a can ne ake cin ɗatun zogale ko na rama da aka haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa yadda ya kamata, a can ne kuma za a iya samun hoce, gurasar dawa da ba kasafai ake ganinta a gidajen sayar da abinci ba.

Nama yana da arha da kyau a Sakkwato saboda ƙasar kiwo ce, kuma bayan magariba mahauta sukan kunna wuta a bakin manyan tituna, ana samun tsire da balangu na rago. Amma kilishi shi ne abin da ya kamata a ba lokaci, tunda shi ne tsarabar da za a fi tambayar matafiyi idan ya koma gida. Mai kilishi yakan yanyana jan nama marar kitse ya yi fale-fale, ya shanya a rana har ya bushe, ya tsoma shi cikin labu, wato haɗin tunkuza da barkono da citta da masoro da albasa, ya sake shanyawa, sannan ya gasa shi sama-sama a kan garwashi. Kafin a saya a karɓi ɗanɗano, a ɗaga fallen a duba: mai kyau yana da sirantaka har haske na ratsa gefensa, yana karyewa ba tare da danshi a tsakiya ba, kuma ba ya warin tsohon mai. Wanda labu ya yi masa kauri fiye da naman, nauyi kawai aka ƙara masa. A ce a naɗe shi a takarda, kada a ɗaure shi cikin leda yana da ɗumi, domin gumi yana sa shi yin fumfuna tun kafin a isa gida.

A fagen sayayya, sunan Sakkwato ya daɗe da fita a kan fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai inda aka san ta da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Har yau majema suna jeme ta da bagaruwa, dukawa kuma suna ɗinka jakunkuna da takalma da tumtum da gafakar Alƙur'ani da kuben wuƙa da kayan doki. Ana samun waɗannan a Babbar Kasuwa, amma na fi son baƙo ya nemi wanda zai raka shi Shiyyar Madunka a cikin tsohon gari, ya ga baduku zaune da basilla a hannu yana aiki, ya saya daga hannunsa, domin ta haka kuɗin ke isa ga mai wahalar, mai saye kuma yana iya ba da aikin da yake so a yi masa da launi da girman da ya zaɓa. A lanƙwasa fatar a gani, idan ta gaske ce mai kyawun jima za ta koma yadda take ba tare da tsagewa ba. A shafa farin ƙyalle mai ɗan laima a kan rinin don a tabbatar ba ya zuba, a kuma juya cikin jakar a duba ɗinkin, gama a nan ne ake gane aikin gaggawa. Ciniki al'ada ce kuma ba wanda zai ji haushinsa, sai dai ba daidai ba ne a yi wa aikin hannu na kwana da kwanaki tayin wulaƙanci, kuma idan mai kaya ya ce “albarka,” a ƙara ko a yi sallama cikin fara'a.

Ba da nisa ba akwai Maƙera Assada, unguwar maƙera da ta daɗe, inda ake ƙera wuƙaƙe da fartanya da linzami da sauran kayan ƙarfe. Kasuwar Kara kuwa ta dabbobi ce, kuma ko ba da niyyar saye ba, ganin raƙuma da shanu da manyan raguna da ake kawowa daga ƙauyuka da ƙasar Nijar ya isa dalilin zuwa, musamman gab da Babbar Sallah. Wanda ya zo da mota kada ya koma ba tare da albasa da tafarnuwa ba, domin yankunan Wurno da Goronyo da Kware suna cikin manyan masu noma su a Nijeriya, kuma sun fi araha a ƙarshen rani lokacin da aka kwashe amfanin fadama. A zaɓi albasar da wuyanta ya bushe kuma ɓawonta ke ƙara idan an taɓa, a zuba ta a buhun da iska ke shiga. Dabino da cuku da ake shigowa da su ta iyakar Illela su ma tsaraba ce mai sauƙin ɗauka da ba ta saurin lalacewa.

Wanda yake da sauran kwana zai so ya fita wajen gari, kuma wuraren suna da yawa: Sifawa a ƙaramar hukumar Boɗinga, da Degel a ƙasar Gwadabawa, da Wurno, da kufan Surame, birnin Kanta na Kabi mai ganuwar duwatsu, da Argungu a jihar Kebbi inda ake bikin kamun kifi kuma akwai gidan tarihi na Kanta. Sai dai matsalar tsaro ta taɓa sassa da dama na jihar, musamman gabashi da wasu yankunan kan iyaka, kuma yanayin hanya yana canzawa daga mako zuwa mako. Saboda haka kada a dogara da labarin da aka ji tun kafin a baro gida. A tambayi mai masauki da direbobin tasha a ranar da za a yi tafiyar, a tafi tare da ɗan gari wanda ya san hanya, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar sakaliya, kuma idan mutanen gari suka ce a haƙura da wata hanya, a haƙura da ita a mayar da ranar ga kasuwa da unguwannin masu sana'a.