Yadda Ake Cikon Haƙori Ba Tare da Cinye Lafiyayyen Sashensa Ba

Abin da injin likita ya kankare daga haƙori ba ya sake tsirowa. A zamanin G.V. Black, wani shahararren likitan haƙori ɗan Amurka, wajen ƙarshen ƙarni na 19, akan faɗaɗa rami har cikin lafiyayyen wuri don kada ruɓa ta dawo. Bincike ya sa an bar wannan hanya.

Fara da tantance ko akwai kogo. Busar da haƙorin, ka duba da haske mai kyau, ka ɗauki hoton eksire don ganin tsakanin haƙora. Farin tabon da ɓawonsa, wato sashen waje mai tauri na haƙori, bai fashe ba ba ya buƙatar haƙa. A shafa masa sodiyam fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, a maimaita bayan wata 3 zuwa 6, mai haƙorin kuma ya rage zaƙi. Kada a caka tsinken bincike da ƙarfi, yakan fasa wurin da zai iya warkewa.

In kogo ya buɗe, gwada jijiya da sanyi kafin komai. Zogin da ke ɗaukewa nan take alama ce mai kyau. Wanda ke daɗewa ko yake tayar da mutum cikin dare, ciko kaɗai ba zai magance shi ba.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne rami mai zurfi. Matsayar da masana ruɓar haƙori suka fitar a 2016 ita ce a share gefen ramin har a tarar da tauri, amma daidai saman jijiya a bar ɗan sashe mai laushi maimakon a huda ta. In ciko ya rufe ruf, ƙwayoyin cutar da suka rage ba sa samun abinci, ruɓar sai ta tsaya. Aikin duka yana kan gefen nan.

Sai zaɓen abin cikawa, kuma yawu ne ke yanke hukunci fiye da kyan gani. Kwamfozit, farin ciko, yana son wuri busasshe, don haka a killace haƙorin da tantanin roba. A sa asid ɗin fosforik mai kashi 35 zuwa 37, sakan 15 zuwa 30 a ɓawo, kada ya wuce 15 a dentin, sashen da ke ƙarƙashinsa. A wanke, a busar kaɗan. In dentin ya bushe ƙayau, gam ɗin da ake shafawa don ciko ya kama ba ya ratsa shi, daga baya mutum ya dawo yana kukan sanyi. A zuba kwamfozit hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2, a haska fitila kamar sakan 20, bakinta dab da ciko. Dalili kuwa, kwamfozit yana tsukewa da kusan kashi 2 zuwa 3 sa'ad da yake daskarewa, hasken kuma ba ya nisa.

Inda ba a iya tare yawu, kamar gindin haƙori kusa da dasashi ko bakin yaro, gilas ayonoma, wani irin simintin ciko, ya fi. Yana kama haƙori da kansa, yana sakin fuloraid, sai dai ba ya jure tauna a babban rami. Amalgam, cikon ƙarfe mai launin azurfa, yana daɗewa a turame, amma kusan rabinsa zaiba ce, kuma tun Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ake rage amfani da shi.

Haƙorin da bangonsa ya yi siriri, musamman turmin da aka cire wa jijiya, a rufe ƙololuwarsa ko a sa masa hula, wato murfin da ke rufe shi gaba ɗaya. Hular na buƙatar lafiyayyen haƙori mai tsayin milimita 1.5 zuwa 2 a kewaye da za ta kama.

Tsohon ciko da ya ɗan ɓantare, in babu ruɓa a ƙarƙashinsa, a gyara gefen kawai. Duk cirewa gaba ɗaya tana ƙara wa ramin faɗi.