Ba Laifin Kwamfutar Ba Ne: Kurakuran da Muke Yi da Manhaja

Shagona na buga takardu yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma da wuya mako ya wuce wani bai shigo rungume da laftof yana cewa, "Malam, abar nan ta mutu" ba. In na buɗe, galibi ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Abin da aka zuba mata ne ya kwantar da ita.

Manhaja iri-iri ce. Akwai babbar manhaja mai riƙe da na'urar gaba ɗaya, kamar Windows, Linux, ko Android na waya. Akwai na aiki, irin su Word, Excel da CorelDRAW. Sai ƙananan masu hidima a bayan fage, kamar direban firinta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, da rigakafin bairos. Wanda bai bambance su ba shi ne zai ga firinta ta ƙi bugawa ya ce a yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge komai a sake zuba mata manhaja, alhali direba kawai ake nema, aikin minti biyar.

Kuskuren farko tun wajen saye ake yinsa. Mutum ya sayi laftof 'yar kwatano mai shekara goma a duniya, ya dage sai an sa masa Windows 11 don ya gani a hannun abokinsa. Windows 11 tana neman aƙalla RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura) 4GB, ma'aji 64GB da guntun tsaro na TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharaɗin, za su sa maka, amma ka ɗora wa jaki kayan raƙumi: ka danna Word, ka je ka sha shayi ka dawo tana juyi. Gyaran shi ne a ƙara RAM, a cire tsohon hadis, wato ma'ajin na'urar, a sa SSD, ma'aji mai sauri. In aljihu bai kai ba, Linux Mint kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Zama kan tsohuwar Windows ma ba mafita ba ne, domin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manhajar sata, wadda aka fasa aka cire mata kuɗi. Na san dalili, lasisin asali da dala ake biya. Amma ka lura da abin da mai sa maka yake fara yi: kashe rigakafin bairos. Wato ka kori maigadi da hannunka don baƙon da ba ka san daga inda ya fito ba ya shiga. Kwanaki wata ɗalibar jami'a ta kawo filashi za ta buga furojet ɗinta, saura kwana biyu ta miƙa. Muna sakawa sai ga kowace folda ta koma hoton banza mai 'yar kibiya a gefe. Ta dafe kai, idonta ya ciko. Na ce, "Ƙanwata, kwantar da hankali, ɓoye su ya yi, bai cinye ba." Muka fito da su. Da na bi sawu, daga laftof ɗin yayanta cutar ta taso, inda aka cusa fasasshen Office, wato ƙunshin su Word da Excel. Mai rubutu da lissafi kawai yake yi, LibreOffice ta ishe shi, kyauta ce ta halal, kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. Aibinta ɗaya da na sani, wani lokaci tebur ko lambar shafi sukan ɗan goce, don haka a duba kafin a buga.

Wasu kuma tsoro ke sa su tara rigakafi biyu ko uku a na'ura ɗaya. Kishiyoyi ne, faɗa za su yi ta yi, kwamfutar ta yi nauyi. Rigakafin Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar, in ana barinsa ya sabunta.

A nan ne maganar data ke shigowa. Kusan kowa ya kashe sabuntawa don kada ta cinye masa data, kuma ban ga laifin mai lissafin kuɗinsa ba. Sai dai bairos ɗin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ta wata kafa ya shiga, wadda Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ya kama. Ka ware rana ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai araha, ka bar ta ta gama.

Masu kawo katin biki da fosta, naku daban ne. Fayil ɗin da aka ajiye da sabon CorelDRAW ba ya buɗuwa a tsoho, kuma in ba mu da salon rubutun da ka zaɓa, duk ƙ da ɗ da ɓ ɗinka za su iya komawa akwatuna. Na taɓa ganin katin ɗaurin aure da sunan ango ya fito da rami a tsakiya, an riga an buga ɗari biyu. Ka mayar da aikinka PDF kafin ka baro gida, ka buɗe shi a wayarka ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Haruffa masu ƙugiya kuwa, Windows tana da allon rubutun Hausa a cikin saitin harshe, ƙara shi kawai za ka yi.

In kuma fomatin ya zama dole, kada ka miƙa laftof sai ka kwashe takardunka da hotunanka zuwa filashi ko Google Drive, ka buɗe biyu ko uku ka tabbata sun kwafu. Mai gyara yana da na'ura biyar a gabansa, ga wuta ana ɗaukewa, ba lalle ya tuna ya tambaye ka ba.