Yadda za ka sa motarka ta riƙa tashi da ka taka totur

Mutane da yawa maleji suke kallo, wai an rubuta 220, alhali cikin Gusau daga wannan shataletale zuwa wancan ko 60 da ƙyar kake kaiwa ga 'yan kabu-kabu ga Keke Napep. Abin da ke sa ka ji mota na gudu shi ne ƙarfin janta tun injin bai yi ƙara ba, kana taɓa totur ta amsa. Shi ya sa Hilux mai dizal ke fizgar mutum daga tsaye duk da nauyinta.

Fara da iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji. Ƙurar hunturun nan tamu toshe ta take yi, ka ciro ta ka ɗaga wa rana, in haske bai ratsa ta ba wallahi canza kawai, injin da bai shaƙi iska ba ba ya ja. Sai filogi, bakanike ya duba maka su, in bakinsu ya yi baƙi ƙirin ko ya cinye za ka ji tana shaƙewa wajen tashi. Iskar taya kuma a gwada da geji, ba bugu da ƙafa ba.

Rage tarkacen but, nauyi ne.

Giya ita ce babba. Za ka wuce tirela a hanyar Tsafe kana giya 5 kana ta dannawa mota na nishi, a'a, sauko 4 ko 3 sai ka ji ta zabura, in otomatik ce danna totur sosai da kanta za ta sauko. Ƙaramin inji kuma kashe esi lokacin, amma kada ka wuce sai ka hango gabanka sarai tukuna.