Yadda Nake Tuntuɓar Masu Ruwa da Tsaki Kafin In Rubuta Rahoton Albarkatun Ƙasa

Duk ranar da kamfani ko hukuma suka ɗauke ka aikin bincike kan madatsar ruwa, ko gandun daji, ko filin haƙar ma'adinai, za su miƙa maka jerin sunayen waɗanda za ka gana da su. Karɓi jerin, amma kada ka tsaya a kansa. Wanda ya rubuta shi mutanen da ya sani ya sa, wato jami'ai da shugabanni da ƙungiyoyi masu ofis. Masuncin da ke ƙasan madatsar ba ya ciki, haka matan da ke shiga dajin neman itace.

Ni da ƙafa nake farawa. Ina zagaya wurin, in zana taswira, in sa alama duk inda na ga sawun mutum ko na dabba. Ƙarshen kowace hira kuma tambayata ɗaya ce: wa kuma aikin nan zai shafa wanda ban gani ba? Sai sunaye sun fara maimaituwa nake yarda jerin ya cika. Ka kuma je fiye da sau ɗaya a shekara. Na taɓa rubuta cewa babu mai amfani da wani tafki, don da damina na je. Ashe da rani makiyaya ba su da wani wurin shayarwa sai shi. Har yau abin yana damuna, domin a kan rahotona aka tsara shinge.

Bayan haka ka auna kowa da ma'auni biyu: ƙarfin faɗa a ji, da girman asarar da zai yi. Masu asara babba da murya ƙarama su ne za su ci mafi yawan lokacinka. Kada ka tara su wuri ɗaya da manya, shiru za su yi. Zama da mata daban, da matasa daban, da masu noma a gonar haya daban, kuma tafinta kada ya zama ma'aikacin kamfanin.

Kafin tambaya ta farko, faɗa musu wanda ke biyanka, da abin da aka riga aka yanke, da abin da har yanzu za a iya canzawa. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta tsaya kan amincewar da aka bayar ba tilas, kafin a fara aiki, bayan cikakken bayani. Bankin Duniya ma, a ƙa'idojin da ya fara aiki da su a 2018, ya wajabta tsarin tuntuɓa da hanyar shigar da ƙorafi ga ayyukan da yake ba rance. Idan mai aikin ya so ka ɓoye wani abu, waɗannan ne madogararka.

Abin da aka fi mantawa shi ne tambayar dokokin da jama'a suka riga suka kafa wa kansu. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin makiyayar tsaunukan Suwizalan da dazukan Japan da noman ban ruwa a Sifen, ta nuna al'ummomi sun riƙe albarkatunsu ƙarni bayan ƙarni da dokokin da suka yi da kansu. Don haka tambayi wa ke fara ɗibar ruwa, wane wata ake hana kamun kifi, mene ne hukuncin wanda ya saɓa. Shawarar da ta taka waɗannan ba ta zuwa ko'ina.

Idan ma'adinai ne ko man fetur, duba rahotannin EITI, wato shirin ƙasa da ƙasa na fayyace kuɗaɗen harkar haƙar ma'adinai da man fetur; rahotannin suna bayyana abin da kamfanoni suka biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa.

Kafin ka miƙa rahoto, koma wurin mutanen ka karanta musu daftarin da harshensu. Inda suka gyara ka, gyara. Inda kuka saɓa, rubuta ra'ayinsu a cikin rahoton da ranar zaman, ba tare da sunan wanda bai yarda a ambace shi ba.